Farar Ƙurar Ɗakin Malam

Litinin, 5 ga Mayu, hantsi

Malam, littafinka na ɗauka. Wanda kake zana cikin ƙwan lantarki a ciki, da 'yan layuka kamar hanyar tururuwa. Ka ci shafi goma sha ɗaya, saura duk fari ne. Ka yafe mini. Rubutuna na 'yar aji shida ne, ka san shi, kai ne kake cewa kamar kaji sun yi tsere a kan rairayi.

Shekaranjiya aka yi sadakar arba'in. Jiya 'yan Sandamu suka koma, yau gidan ya rage daga ni sai akuya. Kowa ya shigo sai ya ce haƙuri, in ce na gode. Bayan wannan babu wata magana da ake so daga bakin mai takaba. To ni kuwa ina da magana.

An aiko daga Dutsi. Surukan 'yarka sun ce nan da sati uku za su kawo ta goyon ciki, ta shiga wata na takwas. Haihuwar fari ce, a gaban uwa ake yin ta. Kai ka ce ɗakinka za ka kwashe, ka shafe shi da farar ƙasa, ta yi jego a ciki ita da yayarka Goggo Amatullah da za ta yi mata wanka, tunda nawa ɗakin ba zai ci mutum uku da jariri ba. Ka ce bayan Ƙaramar Sallah.

Ɗakin yana nan yadda ka bar shi. Makulli yana ƙarƙashin matashina.

Laraba, 7 ga Mayu, bayan azahar

Na buɗe.

Warinka ne ya fara tarata, warin dalma da man zafin da nake shafa maka. Sai da na zauna a bakin gado.

Buhu tara na matattun ƙwayaye. Murɗaɗɗun nan masu kama da igiya su suka fi yawa, sai dogaye da ka jingine a kusurwa kamar karan dawa, sai fararen nan na yanzu masu hular roba, waɗanda kake gyarawa su sake kamawa. Ƙaramin turmin da kake dake gilashi yana nan da taɓaryarsa a ciki. Tagar tana toshe da kwali, don kada iska ta watsa maka ƙananan kaya. Farar ƙurar nan ta kwanta a kan tebur, a kan tabarma, har a kan matashinka.

Shekara takwas ke nan. Na tuna ranar da 'yarka ta shigo daga makaranta tana jan ƙafa, jini yana bin ta tun daga lungu, ta taka fasasshen dogon ƙwai a bola. Ɗinki bakwai. Washegari ka ɗauki buhu ka fita. Mutane suka yi ta dariya, mai gyaran rediyo ya koma tsince-tsince. Kai kuwa ka ce ƙasa amana ce, duk ƙwan da ka ɗauke daga bola ƙafar ɗan wani ka ceta. Kan ƙwan ka cire, waya ka ware, gilashi ka dake ya yi laushi yadda ba zai yanki kowa ba. Ka ce a hannunka babu abin da ke mutuwa gaba ɗaya.

Na daɗe a zaune. Har akuya ta yi ta kuka ban ji ba.

Alhamis, 8 ga Mayu, da safe

Na share ɗakin, na zuba a juji kamar kullum. Na ɗan zauna.

Asabar, 10 ga Mayu, bayan la'asar

Ƙanenka Sha'aban ya zo da Sabiru ɗan gwangwan. Sabiru ya tsaya a zaure, ni ina daga bayan labule.

Sha'aban ya ce, "Yaya, ga mai raba ki da tarkace. Gobe war haka kin ga ɗaki fes, sai shafe."

Na ce, "Tarkace kuma? Da yana nan ka isa ka faɗa?"

Ya yi dariya ya ce, "Da yana nan ma faɗa nake, ya kore ni da taɓarya."

Gaskiya ne, har ni sai da na murmusa.

Sabiru ya yi mini gaisuwa sosai, mutumin kirki ne. Ya ce zai kwashe duka, amma shi kawunan yake so da wayar ciki. Na ce gilashin fa? Ya ce, "Ai Inna, kududdufin bayan unguwa yana da faɗi. A can muke fasawa, ruwan damina ya binne."

Kududdufin da yara ke wanka. Inda awakin unguwa ke sha.

Na ce a'a.

Sha'aban ya ce, "Yaya, saura kwana goma sha shida a kawo Siddiƙa. A kan buhu za ta haihu?"

Na ce a ba ni kwana biyu. Ya fita yana kaɗa kai irin naka. Ban taɓa lura ba cewa kaɗa kanku ɗaya ne.

Talata, 13 ga Mayu, azahar

Masu duba-gari suna zagayen magudanan ruwa kafin damina. Wadda ta shigo gidanmu Barakatu ce, 'yar Malam Kalilu tela, ƙawar 'yarka tun firamare. Ta yi ƙiba, ta sa farar riga. Ta durƙusa ta yi mini ta'aziyya har da hawaye. Ta duba rariya, ta duba masai, sai ta hango ƙofarka a buɗe, ni na bar ta don iska ta shiga kafin shafe.

Ta leƙa. Ta tsaya. Sai ta ja mayafi ta rufe hanci, ta kamo hannuna ta janye ni har gindin darbejiya.

Ta ce, "Mama, a nan ciki Baba yake fasa murɗaɗɗun nan?"

Na ce a nan.

"Taga a rufe?"

A rufe.

"A nan yake kwana?"

Ta waiwaya ta ga gadon.

Ta ce fararen na yanzu ba su da wannan matsala. Amma murɗaɗɗu da dogaye akwai zaiba a cikinsu, guba ce, 'yar kaɗan, ido ba ya ganinta. Muddin ƙwan bai fashe ba tana kulle. Da ya fashe sai ta bi iska, saura ta maƙale a farar ƙurar. Guda ɗaya ba wani abu ba ne, a buɗe taga a fita. Amma ɗaruruwa, shekara da shekaru, a rufaffen ɗaki mai daɓen ƙasa. Ba ta ƙarasa ba.

Ta ce, "Wa ke sharewa?"

Na ce ni. Da tsintsiya. Kullum safiya.

Ta runtse ido. Ta ce tsintsiya tayar da ita take yi.

Sannan ta tambaye ni wani abu game da hannuwanka. Ba zan rubuta abin da na ce mata ba.

Na ce, "Barakatu, a nan za a sa ƙawarki da jaririnta."

Ta ce, "Mama, don girman Allah kada a sa."

Laraba, 14 ga Mayu, da safe

Ban share ba. Ƙofar a rufe take.

Alhamis, 15 ga Mayu, hantsi

Kofin shayin da kake riƙewa da hannu biyu. Maɓallin wuyan rigarka da na koma ina ɓalla maka, kana cewa tsufa ne, kai da ba ka kai sittin ba. Asuwakin da kake ɓoyewa don kada in ga jan da ke jikinsa. Yadda ka daina zama a majalisar ƙofar masallaci, ka ce surutu yana damunka, kai da ba a tashi sai ka tashi. Ranar da ka daka mini tsawa a kan gishiri, sannan ka zauna kana kuka, ka ce ba ka san me ya same ka ba.

A asibiti a Katsina ƙoda suka ce. Ƙoda kuwa tana kama wanda bai taɓa riƙe ƙwan lantarki ba. Baban Barakatu ma ita ke damunsa, shi da allura ce sana'arsa.

Kwana ya ƙare, shi ke nan. Haka nake gaya wa kaina.

Asabar, 17 ga Mayu, bayan la'asar

Na gaya wa Sha'aban. Ya zo da buhun farar ƙasa a bayan babur, yana murna.

Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Yarinyar da aka haifa jiya ita za ta gaya mana yayana guba ya tara a gida?"

Na ce ba haka ta ce ba.

Ya ce, "Haka gari zai ji. Mutumin da ya bi bola shekara takwas don 'ya'yan mutane, a ce shi ya kashe kansa da hannunsa? Yaya, ki bar shi ya kwanta da mutuncinsa." Muryarsa ta karye a nan, ya juya yana duba tayar babur da babu abin da ya same ta.

Da ya juyo ya ce, "Kuma ki yi tunani. Hajiya Mardiyya, uwar mijinta, kin san halinta, ko ƙuda ba ta bari ya sauka a kan tabarmarta. In ta ji kalmar guba, wallahi ba za ta bari a kawo Siddiƙa gidan nan ba. A Dutsi za ta haihu, ke kuma ba fita za ki yi ba. Sai dai a kawo miki jika yana zama. A kwashe, a shafe sau biyu, a yi shiru. Wa zai sani?"

Na ce ni zan sani.

Ya jingine buhun a bango ya tafi bai yi sallama ba.

Malam, biyu muka binne suna ƙanana. Ita kaɗai Allah ya bar mana. Tun ranar da aka ce tana da ciki nake tara itacen wanka, kai kana yi mini tsiya wai zan ƙone unguwa. Ga shi can ya kai tsayin katanga.

Litinin, 19 ga Mayu, da safe

Masu amalanke sun zo kwasar juji zuwa gonar hanyar Sandamu, kamar kowace shekara. Har sun kafa shebur na tuna. Shekara takwas ina zuba sharar ɗakinka a nan, shekara takwas ana kai wa gero. Muna ci, muna bayarwa.

Na ce su bari. Suka dube ni kamar na zautu, shanu suna tsaye.

Sha'aban ya aiko a gaya mini bana sai in ci haƙuri da tuwo, tunda gona ba ta cin addu'a ba taki.

Talata, 20 ga Mayu, bayan azahar

Na cika kofi da ruwa har baki, na miƙa hannu na riƙe. Na ƙirga hamsin. Bai zube ba. Na sake. A na biyu ya ɗan zube, amma ina jin kuka ne.

Alhamis, 22 ga Mayu, yamma

Barakatu ta dawo tun safe, ranar hutunta. Ta zo da safar hannu, da abin rufe hanci guda biyu, da tsohon duro mai murfi da ta roƙo a wajen aikinsu. Ta cire kwalin taga, haske ya faɗo ɗakin, na ga ashe bangon ma ya yi fari-fari. Ta hana ni shiga. Ni ina ƙofa ina yayyaga tsoffin takardu, ita tana naɗe kowane murɗaɗɗe da bai fashe ba tana jerawa a duro kamar mai jera ƙwan zabi. Ƙurar da jiƙaƙƙen tsumma ta ɗebe, ta ƙulle a leda biyu. Turmi da tabarma da matashi, duk ta ce su ma sun tafi.

Da muka zauna shan ruwa na tambaye ta abin da ke cina.

Na ce, "'Yata, ki gaya mini tsakaninki da Allah. Aikin nan nasa, ya amfani ƙasar ko ya cuce ta?"

Ta daɗe tana juya kofi. Ta ce, "Mama, kashi-kashi ne. Fararen da yake gyarawa, wannan alheri ne tsantsa, duk wanda ya sake kamawa an rage ɗaya a bola, an rage sayen wani. Ɗauke murɗaɗɗun daga inda yara ke wasa, shi ma alheri ne. Fasawar ce kawai. Da ya tara su bai fasa ba, da babu wanda ya kai shi."

Na ce to ina ake kai su?

Ta ce ta tambaya, babu wanda ya san wuri a kusa. An ce akwai inda ake da injin da ke zuƙe zaibar a rufe, amma da nisa ƙwarai, ita ma ji take yi. Ta ce a yanzu dai adanawa ce kaɗai ta sani. A rufe duro, kada ruwa ya taɓa, har Allah ya kawo masu karɓa.

Na ce, "Shi ya kashe shi?"

Ta ce, "Ban sani ba, Mama. Wallahi da na sani da na faɗa. Ba na jin akwai wanda zai iya rantse miki ta kowane ɓangare."

Na ce ɗakin fa, yanzu da ta goge?

Ta ce daɓen ƙasa da bangon ƙasa suna sha, ba ta da abin aunawa. Wataƙila ba komai. Amma jinjiri sabon haihuwa, kwana arba'in a rufe ana hura garwashi, ita dai ba za ta sa nata ba. Ta ce ni ma in je a duba ni in na fita takaba, kuma in daina zaman da nake yi a ciki.

Ban san wa ya gaya mata ina zama ba.

Juma'a, 23 ga Mayu, hantsi

A ƙarƙashin gadonka Barakatu ta jawo wani kwali a rufe. Fararen ƙwayaye ne, gyararru, goma sha huɗu. Kowanne ka liƙa masa 'yar takarda da sunan mai shi. Na masallacin unguwa. Na Yahya mai shayi. Na Inno ungozoma. Rubutun yana rawa, na ƙarshen da ƙyar ake karantawa.

Ɗaya babu sunan mutum. Ka rubuta: na jego.

Ta goge su, ta ce za ta rarraba wa masu su. Na riƙe ɗayan.

Asabar, 24 ga Mayu, bayan azahar

Na kira 'yarka a waya.

Ka san ni da ita. 'Yar fari ce, ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa zama na yi doguwar magana da ita ba, duk abin da nake so ta ji ta bakinka yake bi. Yau babu bakin.

Ta ɗauka ta ce, "Inna? Lafiya?" don ban taɓa kira da kaina ba.

Na ce lafiya lau. Na tambayi jiki, na tambayi Ikrima mijinta, na tambayi Hajiya, na tambayi zafi, har na rasa abin tambaya. Ta ce, "Inna, faɗi."

Na faɗa. Duka. Har juji.

Ina jin kaji a can gidansu.

Ta ce, "Baba ya sani?"

Na ce bai sani ba.

Ta ce, "Saboda ƙafata ya fara."

Na ce, "Kul. Kada in sake jin wannan. Saboda halinsa ya fara. Ko ƙafar jaki ce ta yanke sai ya ɗauki buhun nan." Ta yi wata dariya mai haɗe da kuka.

Na ce mata ɗakina zan ba ta, ita da Goggo. Ni zan koma rumfar girki, in kewaye da zana. Amma ba zan karɓe ta a kan ɓoye-ɓoye ba, sai mijinta da uwarsa sun ji komai, in sun ce a'a ba su yi laifi ba, jikansu ne.

Ta ce, "Inna, damina fa ta kusa. Rumfar nan tana yoyo."

Na ce ni ba gishiri ba ce.

Ta ce za ta gaya musu da bakinta.

Litinin, 26 ga Mayu, magariba

Yau ce ranar da suka sa. Na share tsakar gida sau biyu. Kowace mota ta wuce sai na ɗaga kai.

Laraba, 28 ga Mayu, da safe

Shiru.

Alhamis, 29 ga Mayu, bayan la'asar

Na kwashe kayana daga ɗaki duk da haka. Na wanke, na yi turare. Na rataye ƙwan nan na jego a tsakiya, na haɗa shi da batirin solar nan naka yadda ka koya mini, ja da ja, baƙi da baƙi. Ban kunna ba.

An yi yayyafin farko. Rumfar tana yoyo ta wuri uku. Na sa kwano biyu da tukunya.

Lahadi, 1 ga Yuni, azahar

Magana ta fita gari. Wata ta shigo wai ɗiban wuta, idonta yana kan ƙofarka. Wata ta ce Allah sarki, ashe abin da ya faru ke nan. Na ce ban san abin da ya faru ba, in ita ta sani ta gaya mini.

Amma Inno ungozoma ta zo da sandarta, ta ce daren jiya da ƙwanka ta karɓi haihuwar tagwaye a gidan Ɗanbaba. Ta ce in an ce guba ka tara, ita dai haske ta gani. Ta tafi tana zagin mutanen unguwa ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka mutu.

Na shiga ɗakinka yau. Na san an hana. Minti kaɗan kawai. Warin yana raguwa tun da aka buɗe taga.

Juma'a, 6 ga Yuni, hantsi

Babbar Sallah. Ba lalle, ba kwalli. 'Yarka ta kira ta yi mini barka da Sallah, ta ce Hajiya ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Litinin, 9 ga Yuni, yamma

Da sassafe na ji ana sauke ƙarfe a ƙofar gida. Sha'aban ne da kwanon rufi guda shida, tsofaffi, daga rumfar shagonsa ya ciro. Bai gaishe ni ba, ya hau rumfar girki ya fara bugawa. Sai da rana ta take na miƙa masa fura.

Ya sha ya ce, "Taurin kai dai ke da mijinki, ban san wa ya koya wa wani ba."

Na ce a gidanku na tarar da shi.

Ya ce ya samo takin awaki a wajen wani abokinsa a Sandamu, rabin gona zai ci. Juji kuma ya ce zai haƙa rami a nan inda yake, nesa da rijiya, ya binne, ya dasa abin da ba na ci ba. Barakatu ce ta gaya masa. Ashe ya je ya same ta da kansa, yarinyar da aka haifa jiya.

Da zai tafi ya tsaya a ƙofarka ya daɗe. Ya ce, "Ni ne nake kawo masa dogayen nan daga kasuwa. A babur. Ina jin daɗi wai ina taimakonsa."

Na ce ni kuma nake sharewa.

Alhamis, 12 ga Yuni, bayan azahar

Hajiya Mardiyya ta zo da kanta, ita da Ikrima, ba 'yarka. Ta zauna, ta yi ta'aziyya, ta ƙi shan ruwa. Ta duba ɗakina lungu-lungu, ta shafa bango ta duba yatsa. Ta leƙa rumfa ta ga tabarmata kusa da murhu. Ta tsaya a nan fiye da ko'ina.

Ta ce, "Adawiyya, da kin yi shiru da ban sani ba."

Na ce haka ne.

Ta ce, "Sharaɗina ɗaya. Waccan ƙofar a toshe ta da bulo. Ba makulli ba, bulo. Yaro yana rarrafe kafin a ankara, kuma za a riƙa kawo miki shi. Tagar da ke kallon waje a bar ta a buɗe, in masu karɓar duron sun zo a fasa ta can."

Na dubi ƙofar. Can ne kaɗai ya rage inda nake jin ka.

Na ce a toshe.

Sai ta ce a ba ta ruwan nan.

Juma'a, 13 ga Yuni, bayan sallar Juma'a

Sha'aban ya toshe. Layi goma sha ɗaya. Na zauna na kalla har na ƙarshe. Makullin yana nan ƙarƙashin matashina, ban san me zan yi da shi ba.

Asabar, 14 ga Yuni, hantsi

'Yarka ta zo. Ƙafafunta sun kumbura, tabon yana nan. Ta dubi sabon bulon, ta dube ni. Goggo Amatullah ta iso da ƙullin kanwa da ganyen wanka, ta ga itacen ta ce, "Wannan na jego ɗaya ne ko na unguwa?"

Alhamis, 19 ga Yuni, azahar

Namiji. Da hantsi, a asibitin gari, Goggo da Inno suka raka ta. Ni ina gida ina hura wutar ruwa, na hura har tukunya ta kusa ƙonewa. Da aka dawo da su gida na duba, yatsunsa goma, na ƙirga sau uku. Ya kama ɗan yatsana ya riƙe gam. Hannunsa ba ya rawa.

Alhamis, 26 ga Yuni, bayan la'asar

An yi suna da safe. Daga zaure Sha'aban ya ɗaga murya don mata su ji: Maharazu. Shekara ashirin da shida ban furta sunanka ba, ban rubuta ba. Ga shi na rubuta. Goggo ta ce to, an mayar miki da miji, sai ki tashi ki yi masa tuwo. Na ce wannan angon ko haƙori babu, me zai ba ni. Ango zan riƙa ce masa.

Bayan azahar hadari ya haɗo daga gabas, gari ya yi duhu kamar magariba, aka ɗauke wuta. Mata suka dunƙule a ɗaki, ana neman tocila, yaron yana kuka, uwarsa ba ta ganin bakinsa. Na miƙe na taɓa makunnin.

Ya kama, Malam.

Yaron ya yi shiru, ya ƙura masa ido. Takardar tana nan a jiki, ba mu cire ba. Uwarsa ta ɗaga kai ta karanta, ta rufe fuska da zanen goyo.

Har yanzu ban san amsar abin da na tambayi Barakatu ba. Duro yana bayan bulo da ɗari uku da wani abu a cikinsa, ba su mutu ba, ba su rayu ba, suna jiran mutanen da ban san ko za su zo ba. Yanzu ni ce mai gadinsu. Na gaya wa matan da suka zo suna, duk wadda murɗaɗɗen ƙwanta ya mutu kada ta jefar, kada ta fasa, ta naɗe ta ba Barakatu, wadda ta samo wani duron.

Ruwa yana sauka a kan kwanon Sha'aban, ko ɗigo babu a rumfa. Daga nan inda nake zaune ina hango hasken ta ƙarƙashin labulenta.

Bari in tashi, ruwan wankan yamma ya tafasa.